Zuwa Ga Bawana Bazazzagi, Mai Motar da Ta Kwana a Hanyar Yankari

Gaisuwa irin ta ubangida ga bawansa. Bayan haka, Malam, labari ya iso ni har Kano cewa kana bin majalisun Tudun Wada da Samaru kana ba da labarin tafiyarmu Yankari ta wata fuska daban. Wai man da muka sha a Kano ne gurɓatacce. Wai kuma nauyin Bakano da buhun guzurinsa ne ya fi ƙarfin mota. Har an ce kana ƙarawa da cewa kai ka gano ciwon da kanka, bakanike hannu kawai ya ɗora. To tunda abin ya zama na tarihi, kuma tarihin ka karanta har kake koya wa 'ya'yan mutane, bari in ajiye nawa bayanin a rubuce. Mai karatu kada ya tashi rabon faɗa. Tsakanin Bakano da Bazazzagi gado ne, kakanninmu ma a haka suka bar shi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne garin da ka fito. Zariya ce ke da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tun 1964. A Zariya aka kafa cibiyar fasahar sufuri ta ƙasa a 1986. Jami'ar Ahmadu Bello kuwa tun 1962 take yaye injiniyoyi, har ba a san iyakarsu ba. Gari guda ana koyar da yadda ƙarfe ke tashi sama da yadda yake gudu a ƙasa, amma duk wannan albarka ta kewaye gidanku ta wuce. Da idona na ga ɗan wannan gari ya tsaya gaban motarsa yana laluben inda ake buɗe bonet, sai da yaron da ka ɗauko, ɗan yayanka, ya nuna maka cewa daga ciki ake fara ja.

Shirin tafiyar naka ne, wannan ba zan ƙwace maka ba. Kai ka ce mu bar ɗakunan kwana na Wikki da ke cikin Yankari ga masu kuɗin banza, mu kafa tanti mu kwana muna jin kukan daji. Ka iso ƙofar gidana da but cike har yana ƙin rufuwa: tanti na gwanjo, risho, kujerun naɗewa, madubin hangen nesa, littafin sanin tsuntsaye, da wata malfa mai igiya a haɓa wadda ko a fim ɗin da ban ga irinta ba. Kula guda cike da ruwan leda da ƙanƙara. Na tambaye ka jek, ka ce yana ƙasa. Na tambayi sifanar taya, ka ce tana tare da jek ɗin. Na tambayi jarkar ruwa, ka nuna mini kula. Da ka tayar da inji wani siririn kuka ya taso daga gaba, mai shiga har cikin haƙori, na ce Malam wannan fa bel ne yake kuka. Ka gyara zaman malfa ka ce, "Sanyin hunturu ne. Mota na bai taɓa ba ni kunya ba." Haka ka faɗa, da Hausar taku, ban ƙara ban rage ba.

Mun bi ta Wudil lafiya. Bayan Birnin Kudu, a kan hanyar Ningi, tayar baya ta yi bindiga. Nan aka sauke tanti, aka sauke risho, aka sauke kujeru da littafin tsuntsaye a gefen titi, masu wucewa suna zaton gwanjo muka baza. Jek dai an same shi. Sifana tana Zariya, wai ka ara wa maƙwabci tun sallar layya. Safaya kuwa da aka fito da ita, iskar da ke cikinta ba ta kai ta cikin ƙwallon yara ba. Wani direban motar itace ne ya tsaya, Allah Ya saka masa, ya kwance tayar, ya ɗauki yaron suka je suka ɗauko mana mai faci.

A nan nake so in ɗan daɗe, domin abin ya shafi sana'arka. Kowace taya tana ɗauke da ranar haihuwarta a jikinta. A gefenta akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Mai facin nan, wanda ban jin ya gama firamare, ya tofa yawu ya goge gefen tayarka da babban yatsa ya karanta mana 2311, wato mako na 23 na shekarar 2011. Ya dube ka ya ce, "Alhaji, wannan ai ta girmi yaron nan." Kai da kake iya tsayawa gaban aji ka yi awa guda kana gardama a kan ƙarnin da Sarauniya Amina ta yi zamani, kana lissafo sarakunan Zazzau na Haɓe da na Fulani ba tare da ka duba takarda ba, lambobi huɗu a jikin roba sun gagare ka. Ka kare kanka da cewa zanen tayar bai cinye ba. Roba ba sai ta cinye take mutuwa ba, Malam. Tana bushewa, ta tsattsage daga gefe, rana ta dake ta, kwalta mai zafi ta ƙarasa ta. Jami'an kiyaye haɗurra sun yi shekaru suna shelar wannan a rediyo, amma kai tashar da ake sharhin siyasar duniya kake kamawa.

Mun shiga Bauchi rana ta karkata. Na ce mu tsaya a duba bel ɗin nan, ga bakanikai birjik, ga shagunan kayan gyara. Ka ce Bakano ba ya iya wuce kasuwa bai tsaya ba, haka Allah Ya yi shi. Mai dai ka yarda muka sha, sai muka ɗauki hanyar Gombe. A Dindima, wajen gadar kogin Gongola, muka saki babban titi muka karya kudu, hanyar da ke kai mutum Mainamaji inda ƙofar gandun take.

Ba mu yi nisa ba kukan nan ya ɗauke ɗif. Ka juyo kana murmushi ka ce, "Ka gani? Ya warke da kansa." Ai kuwa ya warke, irin warkewar da ake yi wa salati. Jar fitila mai hoton batir ta kama a gabanka. Sitiyari ya yi tauri har kana haɗawa da kafaɗa. Allurar zafi ta fara hawa. Duk direban da ya taɓa zama a tasha ya san abin da waɗannan ukun ke nufi idan suka zo tare: bel ya tsinke. A irin motarka bel ɗaya ne yake juya altaneta mai cajin batir, shi ke juya famfon da ke sa sitiyari laushi, shi kuma ke juya famfon da ke zagaya ruwa tsakanin inji da lagireto. Ya tsinke, ruwa ya tsaya cik, inji ya shiga dafa kansa. Abin yi ɗaya ne, a gangara gefe a kashe mota nan take. Kai kuwa sai ka cire malfa ka kifa ta a kan fitilar, wai tana ɗauke maka hankali, ka ce saura kaɗan mu kai ƙofa. Ko da mun kai ƙofar, daga Mainamaji zuwa Wikki akwai tafiyar kilomita fiye da 40 a cikin daji, inda ba a son mutum ya fito daga mota yana yawo, balle ya tsaya tura ta. Ban san wa ka yi niyyar kira ya taya mu turi a can ba, ko ɓauna.

Tururi ne ya tsayar da kai, ba maganata ba. Yaron ya buɗe bonet, kai kuma ka naɗe hannun riga ka nufi murfin lagireto gadan-gadan. Wani mai babur da ya tsaya kallo ya daka maka tsawar da ko ɗalibanka ba ka taɓa yi wa irinta ba. Ka ja da baya kana cewa ai ruwa za ka ƙara. Bari in yi maka darasin kyauta, tunda ranar kunnenka bai buɗe ba. Ruwa a tukunya yana tafasa a digiri 100. Na cikin lagireto a matse yake, murfin nan ne ya danne shi, shi ya sa yake iya kusantar digiri 120 bai tafasa ba. Ka murɗe murfin yana cikin wannan hali, matsin ya saki, ruwan ya tafasa gaba ɗaya a lokaci guda ya yi tsiri zuwa fuskar wanda ya sunkuya. Alkawarin da ka yi mana a Kano shi ne wanka a ruwan Wikki mai digiri 31. Ba mu yi da kai za ka yi naka wankan a gefen titi da mai digiri 120 ba.

Da aka hana ka wannan sai ka koma kula, ka ɗebo ruwan leda mai ƙanƙara za ka kwarara wa inji don ya huce da wuri. Mai babur ya sake riƙe hannunka. Ƙarfe mai zafi idan ruwan sanyi ya dake shi farat ɗaya yana iya tsagewa ko ya lanƙwashe, daga nan maganar ta tashi daga kuɗin bel ta koma kuɗin kan inji. Inji haƙuri yake so, a bar bonet a buɗe ya sha iska har mutum ya iya dafa tiyon sama da hannu. Bawan Allahn nan sau biyu ya ceci dukiyarka da fatar goshinka cikin ɗan lokaci, amma a labarin da kake bayarwa a Samaru ban ji an ambace shi ba.

Kana da alamar nan mai kusurwa uku da doka ta ce kowace mota ta riƙe? Babu. Sai yaron ya karyo ganye ya jera a titi, yadda direbobinmu suka saba. Magariba ta kawo kai, waya ba sabis, ka hau kan wani tudu kana ɗaga ta sama kana juyi. Ka sauko ka ce to ai dama kwanan daji muka fito, mu kafa tanti a nan. Mai babur ya girgiza kai. Ya ce ba a kwana a bakin hanya a zamanin nan, ko mutanen gari ba za su ji daɗin ganin baƙin da ba su sani ba sun yi sansani a bayan gonakinsu. Ya tara samari suka tura motar zuwa ƙauyensu, ya kai mu gaban mai unguwa muka yi gaisuwa muka faɗi ko mu su wane ne. Dattijon ya ce ga soro, ga tabarma. Ka ce a'a, ranka ya daɗe, mu da tantinmu muka zo. Ya dube ka, ya dube ni, na ce masa Bazazzagi ne. Ya ce, "Allah Sarki," ya nuna mana filin ƙofar gidansa.

Kafa tantin nan kaɗai ya isa a yi masa rubutu na daban. Takardar bayaninsa ba da Turanci take ba, sandunan kuma ɗaya ya ɓata tun a Turai. Don ka ga abin da kake yi sai ka kunna manyan fitilun mota, ka kunna rediyo don kada labaran ƙarfe takwas su wuce ka, ka kuma soka wayoyi biyu a caji. Batirin da tun tsinkewar bel ba abin da ke shiga cikinsa, shi ka ɗora wa hidimar haska gari. Yaran ƙauyen sun yi da'ira suna kallo, mata suna leƙe ta kan danga. Da aka gama, tantin ya tsaya a karkace, fitilun kuma suka yi ja suka mutu. Aka aiko mana da tuwon dawa da miyar kuka daga cikin gida, ga rishonka ko ashana ba ka zo da ita ba. Ni da yaron muka karɓi tayin soro. Kai ka shige tanti ka ja zif.

Can cikin dare muka ji ka a bakin soro kana sallama ƙasa-ƙasa, da bargo a kafaɗa. Ka ce wani abu yana numfashi a jikin tanti, kuma ka karanta cewa har yanzu akwai zakuna a Yankari. Ko da akwai 'yan kaɗan da suka rage, suna can cikin gandu, ba su da wata hulɗa da ƙofar gidan mai unguwa. Yaron ya haska tocila. Jakin gidan ne yake lasar gishirin da ya zube daga jakar guzuri. Wannan ma ban ji shi a riwayar Tudun Wada ba.

Da safe mai babur ya ɗauko bakanike daga Alkaleri. Ka lura da abin da ya fara yi, domin a nan ake gane mai sana'a. Bai taɓa bel ba tukuna. Ya zaro sandar gwada baƙin mai ya duba, ya buɗe murfin da ake zuba man ya leƙa ƙarƙashinsa. Ya ce idan gasket ya ƙone ruwa yana haɗuwa da mai, sai ka ga man ya koma kamar shayin da aka cika wa madara. Naka baƙi ne wuluk, kuma wannan ne karo na farko da baƙin man da ka ƙi canzawa ya faranta wa wani rai. Sannan ya juya kowane fuli da hannu, don ya tabbatar ba wani ne ya ƙame ya cinye bel ɗin ba, in ba haka ba sabon ma tsinkewa zai yi. Ya tsinto guntun tsohon daga ƙarƙashin inji ya nuna maka bayansa duk tsaga, ya ce wannan ya daɗe yana neman taimako. Ya sa guntun a aljihu saboda lambar da ke jiki, ya hau babur ya tafi nemo irinsa.

Kafin ya tafi an yi ciniki, kuma a nan ka kusa kashe mu. Mutum ya zo ya tarar da mai mota da malfa da madubin hangen nesa rataye a wuya, yana jefa Turanci a tsakiyar kowace magana, me kake so ya faɗa? Ya faɗi kuɗi, ka sa hannu a aljihu. Na taka ƙafarka. Na ja shi gefe muka gaisa sosai, na tambayi iyali, na tambayi kasuwa, muka gangaro a hankali har muka tsaya inda shi bai ƙwaru ba mu ma ba mu ƙwaru ba. Kasuwar da kake zagin Bakano da ita, ita ta bar maka kuɗin man komawa gida.

Wuri ɗaya na ga iliminka ya yi rana, kuma adalci ya sa in faɗa. Da ya dawo ya ɗaura bel, sai ya ce bari ya cire tamostat ya jefar, wai na ƙasar sanyi ne, a nan zafi kawai yake jawowa. Yawancin bakanikanmu haka suke yi. Ka ce a'a, wanda ya ƙera motar bai sa shi don ado ba. Kana da gaskiya. Shi ne ke tsare ruwa har inji ya yi ɗumin da ya dace sannan ya buɗe masa hanya, in babu shi inji yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, ya riƙa shan mai yana cin kansa a hankali. In ya lalace canza shi ake yi. Na yi mamaki har na tambaye ka inda ka sani. Ka ce a wani littafi ka gani. Ashe akwai shafi ɗaya da ya shiga.

Murnar ba ta daɗe ba. Aka cika lagireto, ka murɗa makulli, mota ta ce ƙyat ta yi shiru. Ka leƙo ta taga ka ce samari su taimaka da turi. Suka taru suka tura ka har bakin rijiya suka dawo da kai, gumi yana zuba, kana ciki kana riƙe da sitiyari da muhimmanci. Sai bakanike ya leƙa ya ga giyar, ya riƙe baki. Motar atomatik ce. Wadda ake turawa ta tashi ita ce mai kuloci, a sa ta a giya ta biyu, in ta ɗauki gudu a saki kuloci. Taka ko za a tura ta har Gombe ba za ta ce uffan ba. Shekara nawa kana tuƙa ta, Malam? Wayar haɗa batir babu a but, wannan ba sai an tambaya ba. Sai da aka roƙi mai wata akori-kura da ta zo ɗaukar gawayi ya ciro nasa batirin aka ɗora, mota ta tashi.

Yankari dai mun gan ta, kuma ta cancanci wahalar. Daji ne mai faɗin murabba'in kilomita sama da 2,200, an keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, ya zama gandun ƙasa a 1991, daga baya ya koma hannun jihar Bauchi a 2006. Da rani dabbobi suna gangarowa kogin Gaji, nan muka ga gwanki da gwambaza, muka ga sawun giwaye da kashinsu sabo, ko da yake su kansu ba su ga damar fitowa gaishe da Bazazzagi ba. Ruwan Wikki yana fitowa daga ƙarƙashin dutse, garau, kana hango yashin ƙasansa, ɗuminsa ɗaya dare da rana. Ka shiga da malfarka. Ma'aikata sun gargaɗe mu tun a bakin shiga cewa a rufe gilashin mota saboda birai, ka ce ka ji. Gilashin bayanka kuwa tun Ningi ya sauka ya ƙi hawa. Muna cikin ruwa wani gwaggon biri ya shiga ya yi zamansa a kujerar baya, ya buɗe ledar kilishin da na sayo da kuɗina, ya ci ya ƙoshi, ya fita da burodi a hammata. Littafin tsuntsayen ya ɗan duba ya yar. A daren nan kai ka fara zuwa tambayar kuɗin ɗaki.

Yanzu kuma saƙonka ya iso cewa in shirya, da hutu mai zuwa Mambila za mu, har Gembu, kuma da wannan motar. Ka san hawan da ke bayan Mayo Selbe kuwa? Hanya ce da ke nannaɗe dutse tana hawa, gefe guda bango gefe guda rami, sama da mita 1,500 daga teku idan an kai bisa. Mai lafiyar inji ma a giyar ƙasa yake hawanta yana addu'a, a saukowa kuma burki ne ke yin zafi. Na amince zan je, bisa sharaɗi. Ka kawo motar Kano mako guda kafin tafiya, in kai ta wurin bakanikena ya bi ta daga bel har burki, da kuɗinka. Taya huɗu da safaya in karanta lambobinsu da idona. Jarkar ruwa, bel na ajiya, wayar batir, ashana. Ka je wurin maƙwabcin nan ka karɓo sifana. Yaron shi zai zauna a gaba, kai ka koma baya wajen gilashin da ba ya hawa. Kuma kafin duk wannan ka aiko da kuɗin kilishina, haɗe da kuɗin sharar bana da na bara da kake ta noƙewa.